Mas'uda 'Yar Faraji Ta Ƙi Barin Fadar Tiwrar

Ni Ijja ce, matar Lahsen. Gidanmu a jikin katangar fada yake, kuma shekara talatin da huɗu bango ɗaya ne tsakanin garken awakina da ɗakin Inna Mas'uda. Don haka abin da zan faɗa a kanta, wani da idona na gani, wani daga bakinta na ji muna tsintar sha'ir a bakin ƙofa.

A cikin fadar Tiwrar aka haife ta, amma ba a bene ba. A ƙasa ne, a farfajiyar girki, cikin wani ɗaki da ke jingine da tanderu. Ubanta Faraji shi ne mai tsaron babbar ƙofa, kuma makaɗin gangar Ka'id Hammu, sarkin da ya gaji kwari bakwai na wannan dutse da hanyar gishiri daga kakanninsa. Kakan Faraji a ɗaure aka kawo shi daga bayan Sahara, ba wanda ya riƙe sunan garinsu. Uwarta Zahwa tana cikin mata goma sha biyu da ke murza kuskus ɗin fada tun daga asuba har la'asar.

Gangar Faraji ba ta biki ba ce kawai. In ta yi ƙara sau uku daga kan hasumiya, kowane gida sai ya ba da namiji ɗaya da alfadari ɗaya, a tafi kwaɓa ƙasa ko ɗauko azarar itacen al'ul daga daji, ko da sha'ir ya nuna a gona yana zuba. Wanda ya ƙi, akwai rami a ƙarƙashin hasumiyar gabas. Tun tana 'yar shekara tara Mas'uda ake aika ta zura musu burodi da ruwa da igiya, don manya ba sa son warin wurin. Mutanen cikin ramin ba sa ganin fuskarta, sai inuwar kanta. Sukan ɗago murya su ce, "Yarinya, ni ne wane ɗan wane, daga ƙauye kaza. Ki gaya wa matata ina da rai." Ba ta da ikon fita ta kai saƙo. Sai dai ta riƙe sunayen, tana maimaita su a ranta tana hawa matakala da kaskon wuta.

Inda take samun dariya shi ne Mallah, unguwar Yahudawa da ke manne da katangar kudu. Can ƙawarta Freha take, 'yar Makhluf maƙeri. Ranar Asabar Mas'uda ce ke hura musu wuta, tunda addininsu ya hana su taɓa ta a ranar, su kuma su cika mata bakin zani da busasshen ɓaure.

Tana da shekara goma sha huɗu Faransawa suka tattara nasu, Ka'id kuwa da su ya jingina. Wata safiya manyan motoci uku suka kwashe shi da iyalinsa da akwatuna zuwa birni. Bayin gida sun haura sittin, ba wanda aka ce wa ku zauna ko ku tafi. Kafin azahar mutanen kwari suka hauro da gatura. Kakana yana cikinsu, ba zan ɓoye ba. Faraji da hannunsa ya zare sakata ya buɗe musu, amma hakan bai hana su tofa masa yawu ba, don gangarsa ce ta riƙa kiran iyayensu. Suka kwashe rumbuna, suka naɗe dardumai, suka fito da mutum huɗu da suka rage a rami. Sannan wani mai suna Addi ya ɗauko itace mai ci da wuta ya nufi babban zauren bene, wanda rufinsa al'ul ne da aka yi wa zane da launi, ƙasansa kuma tangaran na Fas.

Ya tarar da yarinya a bakin ƙofar ta ware hannuwa.

"Matsa, baiwa. Ubangijinki ya gudu ya bar ki."

"Na riga ka ganin tafiyarsa, Baba Addi. Waccan azarar ta tsakiya, wa ya ɗauko ta daga daji?"

Ita da kanta ta ba shi amsa.

"Ubanka ne da ƙanensa. A ƙarƙashinta ƙafar ubanka ta karye, uwata ce ta yi masa ɗori. Shi Ka'id ko tsinke bai ɗaga ba a ginin nan. In ka cinna wuta, yana can birni yana shan shayi, ko ɗuminta ba zai ji ba. Gumin ubanka za ka ƙona."

Addi ya ɗaga hannu zai mare ta, sai idonsa ya kai kan azarar. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya wurga itacen ta taga, ya sauka. Zauren ya tsira.

Bayi suka watse, wasu Marrakesh, wasu gonakin Sus. Bayan shekara shida ko bakwai motoci suka zo Mallah ma, suka kwashe Yahudawa ƙaf, Freha na kuka a bayan mota rungume da kazarta. Faraji ya rasu, Zahwa ta bi shi. Bihi mai alfadarai ya nemi auren Mas'uda, ta ce in yana sonta ya shigo ɗakin tanderu, ita ba inda za ta. Ya shigo. Suka haifi 'ya ɗaya, Kaltuma, kafin wata shekarar ƙanƙara ya zame da alfadarinsa a hanyar gishiri, sai bayan kwana uku aka samo shi.

Fada ta yi ta zubewa. Hasumiya biyu suka faɗi, shamuwa suka yi sheƙa a kan ta uku. Amma kowace kaka, kafin ƙanƙara ta sauka, sai ka hango Inna Mas'uda a kan rufin babban zauren, ta ɗaure ƙugu tana yaɓe da ƙasa da ƙaiƙayi, ita ke kwaɓawa ita ke haurawa da kwando. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya ce mata sannu. A haka na same ta lokacin da na tare a gidan Lahsen. Matan gari sukan tsokane ta a bakin rafi.

"Inna, har yanzu jiran Ka'id kike? Ko ya aiko miki da wasiƙa?"

"Ya aiko. Ya ce a gaida uwarki, ita ma ta iya durƙuso a zamaninta."

Sai a fashe da dariya, mai tsokanar ta sunkuyar da kai a kan wankinta. Muna sayen burodinta, don ba tanderun da ya kai nata. In za a yi ahwash, rawarmu ta biki, sai an nemo ta, don ba mai jefa waƙa nan take kamarta. Amma da Kaltuma ta isa aure, ba gida ɗaya a Tiwrar da ya aika neman auren jikar bawa. Sai wani direba ne daga Agadir ya ɗauke ta. Tun daga lokacin Kaltuma take roƙon uwar ta koma wurinta, ita kuwa ta ce iskar teku na sa ta tari.

Wata rana ina taya ta miƙa ƙasa na ce, "Inna, gidan da aka bautar da ku, me ya sa kike kashe kanki a kansa?"

Ta leƙo daga kan rufi. "Gidan wa, Ijja? Ku kuka kwaɓa ƙasa. Yahudawa suka ƙera ƙarfe. Larabawan Fas suka jera tangaran. Mu muka dafa abin da kowa ya ci. Shi kwana kawai ya yi a ciki. Miƙo min kwandon nan, rana na yi."

Tana da saba'in da biyu Si Jawad ya zo, jikan Ka'id, daga Kasablanka, da farar mota da injiniya da takardun kotu da suka mayar wa danginsa gidan. Mutum ne mai fara'a, amma yarenmu tsinci-tsinci yake ji, sai mijina, da ya taɓa zaman birni, ya zama tafintansa. Ya ce za a gyara fada ta zama gidan tarihi, baƙi su riƙa zuwa, matasa su sami aiki. Gari ya yi murna, ni ma na yi. Da ya hau bene ya ga rufin zauren bai zuba ba, sai da ya yi ƙwalla. Aka gaya masa wadda ta yi aikin. Ya sauko farfajiyar girki da sauri, ya kama hannunta zai sumbata.

"Dada! Allah ya saka miki. Kin riƙe amanar kakana."

Dada shi ne sunan da 'ya'yan manya ke kiran baiwar da ta goya su. Inna ta zare hannunta ta goge a zani.

"Lahsen, gaya wa yaron nan ban goya shi ba, ban goya ubansa ba. Sunana Mas'uda 'yar Faraji. Kuma kakansa bai ba ni amanar komai ba, ko sallama bai yi mana ba."

Lahsen ya rage wa maganar zafi wajen fassara. Ta gane daga murmushin Si Jawad.

"Faɗa masa yadda na faɗa, ko in faɗa da Larabcina na kasuwa, wanda ya fi wannan muni."

Shekara biyu ana aiki. An ta da hasumiyoyi, an wanke tangaran, kuma ba zan yi ƙarya ba, fada ta yi kyau. Amma an shimfiɗa faffaɗan duwatsu a bakin ramin gabas, wanda bai sani ba ba zai ce akwai komai a wurin ba. Sannan Si Jawad ya aiko mata da shirinsa. Ɗakin tanderu zai zama wurin sayar da tikiti. Ita za a gina mata gidan siminti a bakin titi, ta riƙa zuwa da safe cikin tufafin da, tana zuba wa baƙi shayi. Har an ɗinko tufafin. Ta ɗaga su ta duba, ta ce yadin mai kyau ne, ta shimfiɗa wa kyanwarta.

Da aka kafa allon tagulla a babbar ƙofa, ta ja ni na karanta mata, don ita ba ta yi karatu ba. Na karanta sunayen sarakuna huɗu, uba da ɗa, da yaƙoƙinsu, da cewa sun gina wannan fada da ƙaunar talakawansu.

"Sauran fa?"

"Shi ke nan, Inna."

"Ga wani ƙaramin rubutu a ƙasa. Karanta."

"Sunan masu ƙera allon ne."

"To, su dai an san da su," in ji ta.

Saura wata ɗaya a buɗe wurin, wata ƙaramar mota ta kawo baƙi. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai sanda, sanye da wando, jikokinta na magana da Faransanci. Saurayin da Si Jawad ya ɗauka don yi wa baƙi jagora ya tsaya gaban babbar ƙofa yana bayani, wai daga Andalus aka kawo ta da ƙusoshinta da sakatarta. Sai tsohuwar ta buga sanda a ƙasa, ta ce da yarenmu tsantsa, irin na kakanni, "Ƙarya kake, ɗan nan!"

Ina tsaye da Inna a bakin tanderu. Ta ajiye burodin da ke hannunta.

"Wace mai muryar akuya ce wannan?"

Tsohuwar ta juyo, ta ƙura mata ido. "Ke ce Mas'uda mai cinye mana ɓaure?"

"Freha mai majina! Ashe ba ki mutu ba?"

"In mutu in bar ki ke kaɗai kina wa mutane rashin kunya?"

Suka rungume juna, suna kuka suna zagin juna, jikokin sun saki baki. Da suka lafa Inna ta share ido ta ce, "Kazar nan fa?"

"A tashar jirgin ruwa suka ƙwace ta. Har yau ban yafe ba."

Freha ta ja mai jagora ta ce ya durƙusa ya duba ƙarƙashin sakata, ubanta ya buga sunansa a wurin. Ya duba bai ga komai ba sai busasshiyar ƙasa. Inna ta zaro wuƙar burodi ta kankare. Ita ce ta liƙe wurin tun wata shekara da wasu samari suka so goge shi. Haruffan Yahudanci suka fito sarai a jikin ƙarfen. Freha ta ɗora yatsa a kansu. Maƙerar ubanta kuwa ta zama wurin ajiye motoci. Kafin ta tafi Si Jawad ya zo ya gaishe ta da ladabi, ya yi alkawarin za a ƙara sunan Makhluf a allo. Ba a ƙara ba.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa a filin fada, manyan gwamnati suka zo daga birni. Da rana tsaka aka yi ahwash, don baƙin na son sauka daga dutse da sauran haske. Mu mata muka jeru kafaɗa da kafaɗa cikin fararen kaya da azurfa, maza suka zauna a tsakiya da bandirai. An ɗauko wani mawaƙi daga wani kwari, ya fara yabon gidan Ka'id Hammu, zaki ɗan zaki, mai ginin da ya taɓo gajimare. Mu kuma muna amsawa, don ƙa'ida ce, abin da mai waƙa ya jefa layin mata ya maimaita.

Sai ga Inna Mas'uda ta ratso fili cikin zanenta na yaɓe, duk tabon ƙasa. A ahwash wanda ya jefa waƙa ba ya hana a amsa masa, ko sarki ne. Ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga hannu, masu bandiri suka sassauta. Muryarta ta tsufa amma ba ta karye ba.

"Kun ce Hammu ya yi gini, ku nuna min kanta a hannunsa,
Ku nuna min kafaɗarsa inda azara ta ci."

Layinmu ya yi tsit. Ba wadda ta amsa. Inna ba ta ko dube mu ba, ta ci gaba.

"Idir ɗan Haddu na Ait Musa, kwana arba'in a rami,
Muha ɗan Bella mai gonar tudu, shi bai fito ba."

Sai na ji murya a gefena tana maimaitawa. Tuda ce, tsohuwar da ke bayan masallaci. Muha ɗan Bella kakanta ne, kuma a gidansu an ce musu gudu ya yi ya bar iyali. Daga ita sai wata ta kama, sai wata. Wani mai bandiri ya buga, sauran suka bi. Inna ta yi ta jero su, kowa da sunan ubansa da ƙauyensa, yadda suka faɗa mata daga cikin rami tana 'yar shekara tara. Mutum ashirin da uku. A na goma sha ɗaya na ji sunan ƙanen kakana, na maimaita shi da ƙarfi. Da ta gama da su ta kira Makhluf maƙeri, ta kira maginan Fas biyu da ta tuna, ta kira Zahwa da matan girki. A ƙarshe ta kira ubanta.

"Faraji mai ganga, ku kuka ji kiɗan,
Ni na ga yadda yake saukowa daga hasumiya."

Baƙin birni da farko tafi suke yi, sun ɗauka duk cikin shirin ne. Waɗanda ke jin yarenmu a cikinsu ne suka fara sunkuyar da kai. Si Jawad ya jawo hannun mijina ya ce me take cewa. Wannan karon Lahsen bai rage ko kalma ɗaya ba.

Bayan mako guda mai unguwa ya zo da takarda da jandarmomi biyu, wai ta fita cikin kwana uku, ɗakin na masu gida ne. Suka same ta a bakin ƙofa tana niƙa sha'ir a dutse.

"Inna, ki yi haƙuri, umarni ne," in ji ƙaramin jandarman, yana kallon ƙasa.

"Ɗana, yi aikinka. Amma ni da ƙafata ba zan fita ba. In ɗauka za ku yi, ku haɗa da tanderun, a jikinsa aka yanke min cibiya. Ka ci abinci kuwa? Duk ka rame."

Washegari Tuda ta zo da ulu da mazari ta zauna a farfajiyar girki. Na zo da nawa. Kafin hantsi mun kai arba'in, har da 'yar Addi, wanda ya taɓa hawa bene da wuta. Muka cika farfajiyar da kaɗi da surutu, Inna na gasa mana burodi. Ranar da wa'adi ya cika jandarmomin suka dawo, suka tsaya daga bakin ƙofa suna kallon tsofaffi arba'in da mazarai, motocin baƙi kuma na sauke mutane suna ɗaukar hoto. Suka juya.

A safiya ta huɗu Si Jawad ya zo shi kaɗai, ba injiniya ba mai unguwa. Ya zauna a kan dutse kusa da tanderu. Ya yi ta laluben kalmomi da yarenmu, inda ya kasa ni na cika masa.

"Lalla Mas'uda, me kike so?"

Wannan ne karo na farko da ya kira ta da sunanta, har da Lalla da ake kiran manyan mata da ita.

"A bar ni a ɗakina. A buɗe ramin. A gyara allon."

"Kin kunyata ni a gaban mutane. Kakana ba dodo ba ne. A shekarar yunwa ya buɗe rumbuna, kwarin nan gaba ɗaya ya ci."

"Ya buɗe, ni ma na ci. Rubuta wannan, gaskiya ce. Amma ka rubuta wa ya noma hatsin."

"In na buɗe ramin nan, 'yan'uwana ba za su ƙara yi min magana ba."

"Su nawa ne?"

"Goma sha ɗaya."

"Nawa ashirin da uku ne, kuma sun fi naka daɗewa suna jira."

Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu. Ta miƙa masa burodi mai zafi, ya karɓa ya ci. Da zai tafi ya ce ɗakin nata ne muddin tana raye. Ramin da allon bai ce komai a kansu ba, kuma har yau suna nan yadda ya bar su. An kai wurin tikiti wani lungu.

Ita ma ba ta sake roƙonsa ba. Kujerarta ta ɗauka ta kai kan duwatsun da aka rufe ramin da su, ta mai da wurin mazauninta. In baƙi suka iso sai ta buga sanda a ƙasa, kowa ya ji ƙarar rami a ƙarƙashin ƙafarsa. Ta sa jikar Tuda ta koya mata yadda ake cewa kurkuku da Faransanci, da wannan kalma ɗaya take fara musu bayani, sauran kuma dole mai jagora ya fassara. In ya taƙaita sai ta ce, "Na yi magana mai tsawon igiya, ka ba su mai tsawon yatsa. Sake." Masu jagora suka fara kewayewa da baƙi ta wata hanya. Ta ɗauki kujerar ta tare hanyar. Shekara takwas tana wannan, in ban da kwanakin da ƙanƙara ta rufe titi.

A hunturun da ta cika tamanin da biyu ƙirjinta ya kama. Kwana biyar ta yi a kwance. A na huɗu ta kira ni da Lahsen, Kaltuma na zaune a gefenta ta iso daga Agadir.

"Yaron nan zai so ya yi min karamci in na mutu. Kada ku bari a kai ni ƙarƙashin ƙafar kowa. Kuma kada ku tsallaka da ni kwata."

Muka dubi juna. A maƙabartarmu akwai wata 'yar kwata ta ruwan sama, bayanta ake binne baƙaƙen gari tun kaka da kakanni. Ba a rubuce yake ba, ba wanda ya taɓa tambaya.

"Inna, Faraji da Zahwa da Bihi duk can suke," in ji Lahsen a hankali.

"Su ba a tambaye su ba. Ni ga shi ina faɗa. Duk inda layi ya kai a tsakiya, nan za ku sa ni, kamar kowa."

Ta cika da hantsi ranar Alhamis. Kafin azahar Si Jawad ya bugo waya, ya ce danginsu sun yarda a sa ta a hubbaren gidansu, daga ƙafar mahaifiyar Ka'id, abin da ba a taɓa yi wa wani bare ba. Kaltuma ta yi masa godiya, ta gaya masa abin da uwarta ta ce. Ya ce zai taho jana'iza.

Rigimar a ƙofar masallaci ta tashi. Wani dattijo ya ce ba a taɓa yi ba. Wani ya ce in an fara yau, gobe kowa sai ya nema. Aka juya ga liman, ya ce shi dai bai ga kwata a cikin Littafi ba. Ana cikin musu Lahsen ya tashi ya shigo gida, ya ɗauki diga ya fita. Jikan Addi da 'ya'yan Tuda biyu suka bi shi. Ƙasa ta daskare, digar na tsalle kamar a kan ƙarfe, sai da suka hura wuta a wurin kafin ta saki. Inda layi ya kai kuwa dab da kabarin mahaifin Lahsen ne. Nan suka haƙa.

Mu mata daga kan soro muka hango an ɗauko ta bayan la'asar. Mutanen da suka bi gawar sun fi yadda na zata, har daga kwarin gaba an zo, Si Jawad na can baya cikin baƙar riga yana zamewa a kan ƙanƙara da takalmin birni. Gida biyu ne suka ƙi fitowa. Har yau ba sa kawo hatsinsu injin niƙanmu, sai su ɗora buhu a kan alfadari su tafi ƙauyen gaba, tafiyar rabin yini. Lahsen ya ce a ƙyale su, alfadaran nasu dama sun yi ƙiba.